Bayani: Darussan kimiyya, lissafi da zamantakewa a sakandaren Gaya da Ajingi

Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare a mazaɓar Balan ta Ƙaramar Hukumar Gaya, ko a wani ƙauye na Ajingi, yana fuskantar zaɓin da zai bi shi har jami'a: ajin kimiyya zai shiga, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci? Zaɓin ya dogara da ƙoƙarin yaron, ya kuma dogara da malamai da kayan aikin makarantar da ke kusa da shi. Ga yadda tsarin yake.

Tsarin karatun

Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ita ce ta kawo tsarin 6-3-3-4: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da shekaru tara na farko kyauta kuma dole. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar ƙasa baki ɗaya, saboda haka darasin da ake sa ran ɗalibi zai koya a Gaya shi ne ake sa ran takwaransa zai koya a Legas, kuma jarrabawa iri ɗaya za su zauna, ta WAEC ko ta NECO.

A ƙaramar sakandare kowa yana yin lissafi, da kimiyya a dunƙule, da ilimin zamantakewa. A ajin farko na babbar sakandare ake rabuwa.

Kimiyya

Ginshiƙan ajin kimiyya uku ne: fiziks, kemistiri da bayoloji. Kowannensu yana da takardar gwajin aiki a WAEC da NECO, inda ɗalibi zai auna sinadari da hannunsa, ko ya haɗa wayoyin lantarki, ko ya zana wata halitta da aka ajiye a gabansa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba sai ranar jarrabawa ya fara da giɓi, komai ƙarfin haddarsa.

A jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ana zaɓar darussa huɗu, Turanci dole ne a ciki. Mai neman likitanci zai haɗa da fiziks, kemistiri da bayoloji. Mai neman injiniyanci zai ɗauki lissafi, fiziks da kemistiri. Manufar ilimi ta ƙasa kuma ta ware wa fannonin kimiyya aƙalla kashi 60 cikin 100 na guraben jami'o'i. Yankin da makarantunsa ba su iya koyar da waɗannan darussa, 'ya'yansa suna takara ne a kan ƙaramin kason guraben.

Kano ta daɗe da gane wannan. A 1977, zamanin gwamnan soja Kanal Sani Bello, jihar ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, ta buɗe biyun farko a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, don magance ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a kan shekaru goma na farkon wannan shiri. Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya tana cikin wannan rukuni, wanda yanzu yake ƙarƙashin Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jihar.

Sai dai kwalejin ta jiha ce, da jarrabawar shiga ake samun gurbi, kuma ɗalibanta daga ƙananan hukumomi daban-daban suke. Kasancewarta a Gaya bai ba ɗan Balan gurbi kai tsaye ba. Galibin yaran yankin suna karatu ne a makarantun gwamnati na gama-gari, waɗanda ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta jihar. A can ne ya fi dacewa a duba halin da darasin kimiyya yake ciki.

Lissafi

Lissafi da Turanci dole ne ga kowane ɗalibin babbar sakandare, ko wane aji yake. Akwai kuma lissafi mai zurfi, wanda ake zaɓa, yana kuma sauƙaƙa wa mai shirin karanta injiniyanci a wuri irin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya.

Shekaru da yawa ƙa'idar shiga jami'a ita ce kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. A Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman kwasa-kwasan adabi, amma yana nan ga kimiyya, fasaha da kimiyyar zamantakewa. Daga baya ta fayyace cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da rubuta lissafi a jarrabawar kammala sakandare. Mai son karanta tattalin arziki, alal misali, wannan sassauci bai shafe shi ba.

Zamantakewa da tarihi

Wannan ɓangare ne ya fi shan sauye-sauye. An cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar ilimin farko tun zangon karatu na 2009/2010, kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. A babbar sakandare, manhajar 2011 ta wajabta wa kowa darasin haƙƙoƙi da nauyin ɗan ƙasa, yayin da gwamnati, tattalin arziki, labarin ƙasa da tarihi suka kasance na zaɓi.

A Satumban 2025, ƙarƙashin Ministan Ilimi Tunji Alausa, an bayyana sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa. Ta wajabta tarihin Najeriya daga ajin farko na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. A babbar sakandare kuwa ta haɗe tarihi, zamantakewa da ilimin ɗan ƙasa cikin darasi guda. Nan ne ɗalibi ke fara sanin aikin kansila, da na shugaban ƙaramar hukuma, da na ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar tarayya ta Albasu, Gaya da Ajingi, mutanen da zai zaɓa da ya cika shekara 18.

Abubuwan da ke shafar karatun a yankin

Na farko tsaro. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, Gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma da ke wajen birni, ciki har da kwalejin kimiyya ta Gaya da Sakandaren Gwamnati ta Ajingi. Lissafi da kimiyya bisa tsari ake gina su, babi a kan babi, don haka makonnin da aka rasa suna da wuyar cikewa.

Na biyu kuɗin jarrabawa. Gwamnatin Kano tana shirya jarrabawar tantancewa, wadda aka fi sani da kwalifayin, tana biya wa waɗanda suka cika sharaɗinta kuɗin jarrabawar kammalawa. Wanda bai cika ba, iyayensa ne za su biya.

Na uku alkawuran gwamnati. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta Abba Kabir Yusuf kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Yunin 2024. Mai son auna tasirinsu a Balan ko Ajingi zai iya zuwa sakandaren da ta fi kusa da shi ya yi tambaya uku: malaman lissafi nawa ne, kuma ɗalibai nawa suke koyarwa? Wa yake koyar da fiziks da kemistiri, kuma fanninsa ne? Yaushe 'yan aji ukun babbar sakandare suka yi gwajin aiki na ƙarshe? Amsoshin su ne abin da za a gabatar wa ƙungiyar iyaye da malamai, da ofishin ilimi na shiyya, da ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin.