Hannu Kafin Sukundireba

Na ajiye jakar aiki bayan hunturun bana, don gwiwoyi sun daina yarda da tsanin hawa silin. Niyyata in yi shiru, amma takardar kuɗin da wata maƙwabciyata a Mancesta ta nuna mini ta hana ni. Lagiretocin gidanta sun daina zafi. An canza mata famfon da ke zagaya ruwa, an canza allon lantarkin boila, sannan aka ce sai an wanke bututu da inji. Abin da ya lalace kuwa ɗan makunni ne a cikin kan bawul, wanda bai kai kan ɗan yatsa ba. Ba haka aka koya mana sana'ar nan ba.

Maigidan da ya koya mini aiki Bature ne, mutumin Yokshaya. Ya fara sana'a tun gidaje na ƙona kwal, kuma da shi aka yi aikin sauya murhu lokacin da Birtaniya ta koma iskar gas ta Tekun Arewa, tsakanin 1967 da 1977. Dokarsa ɗaya ce: ba a buɗe jaka sai an bi zafi da hannu. Mu shiga gida, ya wuce kai tsaye ɗan ɗakin da tankin ruwan zafi yake, ya ture tawul da zannuwan gado, ya ce da matar gida ta murɗa ma'aunin zafin bango har ƙarshe. Sai ya ɗaga mini yatsa, ya ce, "Yaro, yi shiru ka saurara."

Abu uku ake jira, kuma a jere suke zuwa. Ɗan injin da ke kan bawul ɗin Honeywell zai yi gurnani na 'yan daƙiƙu yana ja da sifirin. In ya kai ƙarshe sai ka ji ƙas, makunni ya haɗa toka-tokar waya da mai ruwan lemo. Daga nan famfo da boila su tashi. Duk wanda ya yi nawa a cikin ukun, can ciwon yake. In ba gurnani, sai a gwada ko wuta na isa wayar ruwan ƙasa. In an ji gurnani, bawul ya buɗe, boila ta yi gum, to makunni ne. In boila na ci cikin dare alhali agogo ya kashe komai, makunnin ne dai, ya maƙale.

Bayan kunne sai tafin hannu. Yana bin bututu kamar mai ɗori yana laluben karaya: nan da zafi, nan da ɗumi, nan sanyi ƙalau. Zafi kafin bawul, sanyi bayansa, magana ta ƙare. Ya taɓa ɗan hannun da ke gefen bawul: in ya tafi sakwaf, bawul a buɗe yake, in ya yi turjiya, a rufe. Lagireto ya yi ɗumi da rani, ana dafa ruwan wanka kawai? Ƙwallon roban cikin bawul ya cinye, ruwa na satar hanya. Saman bene zafi, ƙasa sanyi? Famfo ya tsaya, ruwan zafi na hawa da kansa. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin famfon, ya kara ƙotar a kunne.

Wannan hawan da ruwan zafi ke yi da kansa ya tuna mini gidan wata tsohuwa a Solfod, tun ina sabon shiga. Boilarta a bayan murhun falo take, tankinta ba famfo ba bawul, manyan bututu biyu ne kawai masu faɗin inci guda. Ruwan zafi ya hau, mai sanyi ya sauko. Wani kafinta ya danne bututu ɗaya don ya shimfiɗa katako, iska ta taru a gwiwar, ruwan wanka ya daina zafi. Maigida ya kwanta rub da ciki, ya ɗora ma'aunin magina a kan bututun, ya ɗaga shi da ɗan guntun katako. Muka ji ƙululu, iska ta wuce. Bai karɓi ko kwabo na kaya ba. Wanda ya tashi a irin waɗannan gidaje ya san ruwa na da halinsa tun kafin a kawo wutar da za ta tura shi.

Mun kuma san gyara, wanda shi ne ya ɓace yanzu. Kowannenmu na da ƙananan injinan Synchron a aljihun mota. Ka cire murfin bawul, ka kwance sukurun, ka haɗa wayoyi biyu, aiki ya tashi da kuɗi kaɗan. Bawul mai baki uku ya fi cin su, domin in ɗumama ɗaki ce ta yi kira na ƙarshe, injin na zama da wuta a jikinsa har ya gasu. Tsofaffin bawul da ba su da ɗan tudu a murfi, ba a cire kansu sai an zubar da ruwan gida gaba ɗaya, shi ya sa muka ƙware wajen canza injin kaɗai. Tsohon famfon Grundfos kuwa da babban sukuru a fuskarsa. In ya kwana rani bai juya ba, ka buɗe, ka murza sandar ciki da sukundireba, ya farka. Maigida kan ce wa masu gida su kunna komai na 'yan mintoci kowane wata ko da rani ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mayen ƙarfe ma yana cikin kayan aikinmu. Tagulla ba ta kama shi. In ka ɗora a mahaɗar bututun da ke saukowa daga ƙaramin tankin silin ya manne, baƙin taɓon tsatsa ne ya toshe ciki. Yanke wannan guntu ake yi a sa sabo. Sannan ka hau silin ka duba: in famfo na kan gudu na uku, ruwa na tsiyaya daga bututun shaƙar iska zuwa tanki, to nan iskar da ke haifar da tsatsar take shiga. Wanke bututu sau goma ba ya maganin wannan.

Ban ƙi zamani ba. A 2005 doka ta wajabta boila mai tsimin gas a Ingila da Wales, a 2009 rajistar masu aikin gas ta Gas Safe ta maye gurbin ta CORGI, daga 2013 aka koma famfuna masu tsimin wuta. Duk alheri ne. Abin da ke ci mini rai shi ne yaro ya fito daga kwas na 'yan watanni, kamfani ya ƙayyade masa mintocin kowane gida, ya karanta lambar da boila ta nuna, ya yi ta canza kaya har Allah ya sa a dace. Boila ba ta san abin da ke faruwa a ɗakin tanki ba. Ita dai an kira ta ko ba a kira ta ba.

Ga shi yanzu ana komawa na'urorin da ke jawo ɗumi daga iskar waje, waɗanda ruwansu bai kai na boila zafi ba, saboda haka sun fi kowa buƙatar ruwa ya gudana sosai, a kuma daidaita kowane lagireto. Ilimin da aka raina shi za a nema. 'Ya'yanmu da ke shiga sana'ar nan a Ingila, ku nemi tsoho guda ku bi shi ko da ɗaukar jaka ne. Kada ku kwance komai a gidan mutane sai kun iya nuna da yatsa inda zafi ya tsaya, kun kuma faɗi dalili.