Agajin Uli da Aikin Mishan

Har yau idan dattawanmu suka tuna yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, duk Baturen da ya kai agaji Biyafara "ɗan mishan" suke ce masa. To, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Limaman Katolika dai wa'azi ne ya kawo su. Tun 1885 suka sauka Anaca, suna buɗe makarantu suna yi wa mutane baftisma. Da yunwa ta far wa yara, sai suka koma rabon madara da busasshen kifi da jirage ke saukewa a Uli cikin dare daga tsibirin Sawo Tome. Wannan kam ceton rai ne, ba musu. Amma wasunsu sun riƙa yaɗa cewa Musulmi ne ke yaƙar Kirista, alhali Gowon kansa Kirista ne, kuma mu aka shafa wa kashin kaji. Da yaƙi ya ƙare, gwamnati ta kori da yawansu.

Likitocin Faransa da suka zo ta Red Cross kuwa ba ruwansu da addinin majinyaci. Damuwarsu ita ce an ce su yi shiru kan abin da idonsu ya gani. Wasunsu ne suka kafa ƙungiyar MSF a 1971.