Sandar kamshaf: abin lura ga mai tada tsohuwar mota

A ƙasar Arewa, daga Dumega da Tibiri zuwa Dogondutsi, tsohuwar mota dukiya ce. Ita ke kai gero da wake kasuwa, ita ke kai mara lafiya likita. Ɗaya daga cikin motocin da aka fi sani ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. An kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975.

Mene ne kamshaf?

Kamshaf sandar ƙarfe ce a cikin inji. Tana da tozo-tozo a jikinta. Idan ta juya, kowane tozo yana tura bawul ɗaya ya buɗe. Wani bawul yana shigar da iska da fetur, wani yana fitar da hayaƙi. Injin fetur na 504 yana da silinda 4 da bawul 8. Sarƙa ce ke juya sandar: karanshaf ya juya sau 2, ita ta juya sau 1.

Alamun ta cinye

Ƙura da tsohon baƙin mai suna cinye tozon. Daga nan bawul ba ya buɗewa sosai. Mota ta rasa ƙarfi, ana jin ƙas-ƙas a saman inji, shan mai ya ƙaru.

Wace iri za a sa?

Akwai sandar da aka ƙera domin motocin tsere. Tana barin bawul a buɗe lokaci mai tsawo. Ƙarfinta sai inji yana gudu ƙwarai, amma a tafiyar sannu ba ta da ja. Motar da ke ɗaukar buhuna cikin rairayi ja take bukata. Saboda haka a nemi irin wadda aka ƙera injin da ita tun asali.

Shawarwari

1. A kai wa bakanike tsohuwar sandar, a gwada ta da sabuwar kafin a biya kuɗi.
2. A canza ƙananan ƙarafan da ke zaune bisa tozon tare da ita. Tsofaffin suna ɓata sabuwar sanda.
3. A duba sarƙa, a daidaita alamominta.
4. A shafa wa tozon mai kafin a tada inji.
5. A yi juyen mai da wuri bayan gyara, a riƙa kakkaɓe matatar iska, musamman lokacin hunturu.