Tarihin Neman Maganin Jarabar Giya da Matsayin Mai Shanta a Birnin Katsina

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin binciken da likitoci suka yi a kan maganin jarabar giya, sa'an nan mu auna shi da halin da mashayi yake ciki a tsohuwar unguwa irin Kambarawa, inda kowa ya san gidan kowa.

Tun kafin zuwan Turawa shari'a ta hana Musulmi shan giya, ko da yake Maguzawan karkara ba su daina dafa burkutu da dawa ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasal cikin 1890 ta ba da damar hana shigo da barasa yankunan da ba a saba da ita ba, gwamnatin Lugga kuwa ta ɗora wannan hani a kan Arewa. Da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, sai hanin ya ƙara ƙarfi. Abin lura shi ne, duk waɗannan dokoki sun ɗauki mashayi a matsayin mai laifi. Kalmar majiyyaci ba ta shigo ciki ba.

A Turai da Amurka aka fara yi wa al'amarin kallon cuta. Wani likitan Suwidin, Magnus Huss, shi ya raɗa mata suna a 1849, amma sai da aka yi shekara ɗari kafin a sami maganin da za a iya gwadawa. A 1948 Jens Hald da Erik Jacobsen na ƙasar Danmak suka bayyana aikin disulfiram, wanda yake hana hanta gama narkar da barasa. Wanda ya haɗiye shi, in ya kurɓi giya, sai fuska ta yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa, amai ya taso. Watau tsoro ne maganin, ba ya kashe ƙishirwar kanta. Daga baya bincike ya nuna cewa amfaninsa yana ga samun mutumin da zai tsaya a kan majiyyaci kullum har ya haɗiye ƙwayar.

Sa'an nan hankali ya koma kan ƙwaƙwalwa. Faransa ta amince da acamprosate a 1989. Gwaje-gwaje biyu da aka buga a 1992 suka nuna cewa naltrexone yana rage daɗin da mashayi yake ji, Amurka ta amince da shi a 1994. Babban gwajin COMBINE na 2006, wanda ya haɗa mutum 1,383, ya tabbatar da ɗan amfanin naltrexone, amma bai ga na acamprosate ba, alhali gwaje-gwajen Turai sun gani. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya sa mu yi hattara, domin in sakamakon Turai bai zauna daidai a Amurka ba, ba mu da hujjar ɗauka cewa zai zauna daidai a Katsina.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Waɗancan gwaje-gwaje an yi su ne a kan mutanen da suke iya faɗin yawan abin da suke sha ba tare da fargabar bulala ko mutuwar aure ba. Magidanci a Kambarawa ba shi da wannan sarari. Iyalinsa za su fara da tofi da rubutun sha, in abin ya faskara a nufi gidan mari. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da cikin birnin Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Ba mu zargin iyaye da mugunta, inda suka sani suka kai. Sai dai wanda jikinsa ya saba da giya, in aka yanke masa ita farat ɗaya, yakan kamu da karkarwa da farfaɗiya da gane-gane cikin kwana biyu zuwa huɗu, har ta kai ga rasa rai. A asibiti da diazepam da bitamin B1 ake tarar wannan hali, a gidan mari kuwa sai a ce aljanu ne.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi sirrin majiyyaci. A ganinmu daga nan ya kamata bincikenmu ya tashi. Darasin disulfiram ya ce a nemo mai tsayawa a kan majiyyaci, kuma gidajenmu ba su rasa uwa ko wa ko mata da za su tsaya ba. Abin da za a gwada shi ne yadda za a sanar da mutum ɗaya a cikin gida ba tare da unguwa ta ji ba.