Manhajar da Ta Daina Buɗewa: Nazari kan Ceto Fayiloli Bayan Sabunta iPad

Ranar 19 ga Satumba, 2017, kamfanin Apple ya saki iOS 11, babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone da iPad a lokacin. Mutane da dama da suka sabunta na'urorinsu sun wayi gari wasu manhajojin da suka daɗe suna aiki da su sun ƙi buɗewa. Tambarin manhajar yana nan a kan allo, amma da an taɓa shi sai saƙo ya fito cewa sai wanda ya ƙirƙire ta ya sabunta ta. Idan kuwa maƙirƙirin ya daɗe da barin sana'ar, ko kamfaninsa ya rushe, to babu wata sabuntawa da za ta zo. Wanda ya tara rubuce-rubuce ko zane-zane ko lissafin kasuwancinsa a cikinta sai ya ɗauka komai ya tafi. Akasari bai tafi ba, kuma abin da ke salwantar da shi shi ne matakin da mai na'urar ke ɗauka cikin ruɗewa.

Asalin matsalar yana cikin ƙwaƙwalwar na'urar ne. Har zuwa 2013 na'urorin Apple na hannu suna aiki da tsarin bit 32. A shekarar ne aka fito da guntun A7 mai bit 64 a cikin iPhone 5s, sannan iPad Air da iPad mini 2. Na ɗan lokaci iOS ta riƙa ɗaukar tsarin biyu tare. Daga 1 ga Fabrairu, 2015, Apple ya wajabta wa duk sabuwar manhaja ta zo da bit 64, daga 1 ga Yuni na shekarar kuma dokar ta hau kan sabunta tsofaffi. A iOS 10.3, cikin Maris 2017, aka soma nuna jerin manhajojin da ba za su yi aiki nan gaba ba. Da iOS 11 ta zo, sai aka daina ɗaukar bit 32 ɗungurungum.

Masu ƙirƙira sun sami gargaɗi na sama da shekara biyu, wannan ba a musu. Amma gargaɗin da aka yi wa mai na'ura a kan manhaja ya tsaya, bai ce masa ya kwashe kayansa ba. A ganina nan ne gazawar take, domin ba kowa ya san cewa makomar fayilolinsa a ɗaure take da makomar manhajar ba.

Ɗaurin ya samo asali ne daga yadda aka gina iOS. Kowace manhaja tana da keɓaɓɓen mazubi da ba a yarda wata ta leƙa ba, kuma a cikinsa akwai foldar Documents ta ayyukan mai amfani, da Library ta saituttuka da rumbunan bayanai, da tmp ta abubuwan wucin gadi. An yi haka ne don tsaro, kuma tsaron na gaske ne. Sai dai idan manhajar ce kaɗai hanyar shiga mazubin, ranar da ta tsaya, lamarin ya zama kamar rumbun da aka ɗauke wa tsani: hatsin na ciki lafiya lau, hawa ne ya gagara. Ana iya tabbatar da haka da ido. A shiga saituttukan iPad, wajen da ke nuna yadda aka cinye ma'ajiya, a taɓa sunan manhajar. Za a ga lambobi biyu, ɗaya girman manhajar kanta, ɗaya girman takardu da bayananta. Muddin ta biyun tana nuna megabait masu kauri, kayan suna nan.

A daidai wannan shafin akwai maɓallai biyu, na sauke manhaja a bar bayananta, da na goge ta baki ɗaya. Na biyun yana tafiya da mazubin duka, kuma babu kwandon shara da za a koma a tono. Shawarar da aka saba ba wa duk wanda manhajarsa ta rikice, wato ya goge ya sake saukewa, a nan guba ce. Haka ma filashin, wato share na'urar a sake zuba mata babbar manhaja, wanda shi ne maganin farko da ake yawan kawowa a rumfunan gyaran waya, daga Farm Centre ta Kano har ko'ina. Duk wanda zai miƙa irin wannan iPad ga mai gyara, ya faɗa masa da baki cewa fayiloli yake nema, ba na'ura mai sauri ba.

Komawa tsohuwar iOS ba hanya ba ce, domin Apple yana daina sa hannu a kan tsohon zubi jim kaɗan bayan fitowar sabo, kuma in ba da sa hannun ba na'urar ba ta karɓa.

Hanya mafi sauƙi ita ce haɗa iPad da kwamfuta ta kebul. Tun zamanin iPad ta farko a 2010, akwai damar da maƙirƙiri zai iya kunnawa don a ga foldar Documents ta cikin iTunes, ko ta Finder a kwamfutocin Mac tun daga macOS Catalina ta 2019. Wannan damar ba ta buƙatar manhajar ta buɗe. In an yi dace ya kunna ta, jan fayilolin zuwa kwamfuta aikin mintuna ne. In bai kunna ba, ƙofar a rufe take, musamman tun iOS 8.3 ta 2015 da ta hana manhajojin kwamfuta na wasu kamfanoni shiga mazubai kai tsaye.

Saura ajiyar ko-ta-kwana, kuma a nan ne aikin yake da zurfi. Idan aka kwafe iPad gaba ɗaya zuwa kwamfuta, kwafin yana ɗauke da mazuban manhajoji, har da na waɗanda suka daina aiki, ban da abubuwan wucin gadi da duk abin da maƙirƙiri ya ware. Wanda ya buɗe foldar MobileSync inda ake ajiye kwafin zai iya karaya: ƙananan foldoji ne masu suna irin 0a da 3f, cike da fayiloli marasa ƙarin da ke nuna nau'insu, kowanne sunansa haruffa da lambobi 40. Sunayen ba na kara-zube ba ne. An samo kowanne ne daga lissafin SHA-1 na sunan manhajar haɗe da asalin wurin da fayil ɗin yake. Makullin fassara su yana cikin wani fayil mai suna Manifest.db, wanda tun iOS 10 rumbun bayanai ne na SQLite. A cikinsa kowane layi yana cewa wannan dogon suna shi ne fayil kaza na manhaja kaza. Manhajoji irin su iMazing da iExplorer wannan jadawalin suke karantawa su jera wa mutum kayansa da sunayensu na asali. Idan an kulle kwafin da kalmar sirri, sai da ita; in ta ɓace, kwafin bai da amfani.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Sabon kwafi yakan hau kan tsohon na na'ura ɗaya. Tsohon kuwa, in an yi shi kafin sabuntawa, dukiya ce, domin shi kaɗai za a iya zubawa a na'urar da ba ta wuce iOS 10 ba, kamar iPad ta huɗu ta 2012 wadda ba ta taɓa samun iOS 11 ba. Kwafin da aka yi a sabuwar iOS ba ya shiga tsohuwa. Don haka kafin a yi sabo, a kwashe tsohuwar foldar zuwa wani wuri.

Me ya sa za a damu da tayar da manhajar a tsohuwar na'ura bayan an riga an fito da fayilolin? Saboda fitowa daban, karantawa daban. Hoto ko PDF ko sauti zai buɗe a ko'ina. Manhajoji da yawa kuma suna zuba bayanansu a SQLite, wanda tsarinsa a bayyane yake, har Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin tsare-tsaren da yake ba da shawarar a adana bayanai da su. Mai haƙuri zai iya zaro rubutunsa daga jadawalin layi-layi. Amma manhajar zane ko ta kiɗa da ta ƙago tsarin fayil nata na kanta, ba ta kuma bayyana shi ba, ita kaɗai ke iya karanta abin da ta rubuta. A irin wannan hali dole ta sake buɗewa ko da sau ɗaya ne, a fitar da aikin zuwa tsarin da kowa ya sani. Wannan ma sai in tana nan cikin jerin abubuwan da mutum ya taɓa saukewa a App Store, domin kwafin ba ya ɗauke da manhajar kanta.

Masu Android ba su tsira ba, sai dai nasu ya zo da wata siga. Google Play ya wajabta bit 64 daga Agusta 2019, Android 11 ta 2020 ta taƙaita shiga foldar Android/data inda manhajoji ke ajiya, Android 14 ta 2023 kuma ta hana girka manhajar da aka gina don zubin da ya girmi Android 6. Wadda take kan na'ura tun kafin sabuntawa ana barin ta ta ci gaba da aiki, don haka mai ita ba ya ganin wata alama sai ranar da ya sayi sabuwar tabulet ko aka yi wa tsohuwar filashin, ya zo mayar da ita ta ƙi shiga.