Madatsar Bakolori: Daga Takarda Zuwa Gona

Duk babban aikin raya ƙasa a takarda yake somawa. Masu awo su auna, masu zane su zana, hukuma ta sa hannu. To, amma daga sa hannu zuwa ranar da ruwa zai shiga gonar manomi akwai tafiya mai nisa. Mutanen Maradun da Bakura da Talata Mafara, waɗanda yanzu ke cikin Jihar Zamfara, sun ga wannan a kan gonakinsu.

Cikin 1969 masanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka gama binciken kwarin Gulbin Sakkwato da Rima. Shawararsu ita ce a yi madatsa matsakaiciya a Bakolori, a bi aikin sannu a hankali. Amma ba da daɗewa ba kuɗin man fetur suka yawaita a hannun Gwamnatin Tarayya, sai aka faɗaɗa shirin ƙwarai. Aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba Impresit, kamfanin Italiya, kwangila. Aka soma gini a 1974, aka gama a 1978. Tsawon bangon ya zarce kilomita 5, tafkin kuwa ya rufe wajen hekta 8,000. Hekta ɗaya, ya mai karatu, ta kusa eka biyu da rabi.

Ashe ginin siminti shi ne mai sauƙi. Abin da taswira ta nuna kamar fili ɗaya shimfiɗaɗɗe, gonaki ne dubbai, kowace da mai ita: wata gado, wata aro, wata jingina. Kafin a haƙa hanyoyin ruwa dole a baje ƙasar da manyan injuna. Da aka baje sai iyakoki suka ɓace, ɗorawa da kuka da sauran itatuwan amfani suka faɗi. Manoma da yawa suka yi damina biyu ko uku ba su shuka ba, suna jiran a mayar musu da gonakinsu. Mutane dubbai da tafki ya ci garuruwansu aka tashe su zuwa sabon mazauni a kan tudu, inda ƙasa ba ta kai fadamarsu albarka ba. Ƙidayar gonaki da biyan diyya, waɗanda ya kamata su riga injin shiga gona, su aka bari a baya. Ga kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta ce diyya ta shuka ce da gini da makamantansu, ban da ƙasar kanta.

Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin aikin, suka hana injuna motsi. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, wasu masu bincike kuwa sun ƙidaya fiye da 380.

Aikin bai tsaya ba. Aka shirya wajen hekta 23,000 don noman rani, mafi yawansu da famfon yayyafi mai aiki da lantarki. Wannan dabara ta yi kyau a zane, amma da wuta ta yi ƙaranci, kayan gyara suka yi wuya, sai ta mutu, ban ruwa ya rage a inda ruwa ke gangarawa da kansa. Mutanen fadamar da ke ƙasa da madatsa su ma ambaliyar da ke ciyad da shinkafarsu ta ragu, kifi ya yi ƙaranci, alhali kuwa ba a sa su cikin lissafin diyya ba.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rance don gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, har da Bakolori. Cikin sharuɗɗan shirin akwai kafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda za su kula da ƙananan hanyoyin ruwa da kansu, da kuma mayar da wani sashe na gonakin yayyafi zuwa ban ruwa na gangare.