Zaizayewar saiwar haƙori da na'urar da ke gano ta

Duk yaron da ya yi famfara ya ga zaizayewar saiwar haƙori, ko da bai san sunanta ba. Haƙorin yarinta kan faɗo ba saiwa, domin wasu ƙwayoyin halitta na jiki sun cinye ta don a ba sabon haƙori hanya.

Matsalar ita ce idan ƙwayoyin suka koma kan haƙorin girma, wanda ba shi da magaji.

Abin da ke haddasa ta

Babban dalili shi ne buguwa. Yaron da ya faɗi wajen ƙwallo a wani lungu na Mandawari a birnin Kano, ya daki haƙorin gaba, zai iya shafe shekaru ba ya jin ciwo alhali saiwar tana cinyewa a cikin ƙashin muƙamuƙi. Sau da yawa sai haƙorin ya fara girgiɗi, ko ya yi wani ja-ja kusa da dasashi, sannan iyaye su farga.

Ruɓewar jijiyar haƙori, da wayar daidaita haƙora, da fiƙar da ta maƙale tana danne saiwar maƙwabcinta, su ma suna jawo ta.

Hoto mai fuska uku

Tun 1896, lokacin da wani likita Bajamushe, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, likitoci ke dogaro da hoton eksire. Sai dai hoton shafaffe ne, kamar inuwa a jikin bango. Ramin da ke bayan saiwa kan ɓuya, kuma da wuya a tantance ko daga ciki cin ya faro ko daga waje.

A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙera na'urar CBCT a Italiya da Japan. Tana zagaya kan mutum sau ɗaya tana ɗaukar hotuna masu yawa, kwamfuta ta haɗa su. Likita kan ga tsawo da faɗi da zurfin ramin, ya kuma san ko ya huda bangon saiwar.

A kan wannan ne magani ya rataya. Idan cin daga ciki ne kuma bai huda ba, akan cire jijiyar, a wanke, a cike gurbin. Idan daga waje ne kusa da dasashi, akan buɗe wurin a kankare a liƙe. Wanda ya ci nisa kuwa sai cirewa.

Na'urar tana da tsada, kuma tururinta ya fi na ƙaramin eksire yawa, don haka ba a fara gwaji da ita, musamman ga yara. Ga mazauna cikin Badala, matakin farko shi ne ganin likitan haƙori, a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda zai yanke shawarar irin hoton da ya dace.

Idan haƙorin girma ya fita ɗungurungum, likitoci na ba da shawarar kada a kankare saiwarsa. A tsoma shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, a garzaya asibiti, domin saiwar da ta bushe fiye da awa 1 kusan kullum takan zaizaye bayan an mayar da haƙorin.